Kafin mu tura kuɗin maganin suga gida

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Mai girma shugaba, iyayenmu maza da mata, 'yan uwa, na gode da aka ba ni wannan dama.

Da yawa daga cikinmu muna da tsoho ko tsohuwa mai ciwon suga a gida, a ƙauyukan Ringim, Gumel, Kazaure ko Ɗambatta, kuma mu ke tura kuɗin magani. Sai a ba yaro tsohon kwali, ya hau babur ya je kemis ranar kasuwa, a ba shi irinsa ko mai kama da shi. Ba wanda zai tambaya ko Baba yana da ciwon zuciya.

Alhali wasu magungunan suga suna da haɗari ga mai ciwon zuciya. Akwai pioglitazone, wanda aka fi sani da Actos. Yana saukar da suga, amma yana sa jiki ya riƙe ruwa. Idan zuciya ta riga ta yi rauni, ruwan sai ya taru a ƙafafu da huhu. Za ku ji an ce takalmin Baba ya daina shiga, ko ba ya iya barci sai an tokare shi da matashi, ko tafiya masallaci ma tana sa shi haki. Ɗan uwansa rosiglitazone kuwa, Turai ta dakatar da shi tun 2010 saboda haɗarinsa ga zuciya. A 2016 hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi kan haɗarin raunin zuciya daga saxagliptin da alogliptin, su ma magungunan suga ne.

Wanda ya fi tayar min da hankali shi ne glibenclamide, wato Daonil, domin shi ne mai arha, ko'ina ana samunsa. Tsoho ya sha, ya tafi gona bai karya ba, ko yana azumi, sai suga ya faɗi ƙasa warwas. Gumi ya karyo masa, ya rikice, wasu su ce iska ce. Wannan faɗuwar tana iya hargitsa bugun zuciya. In kuma yana shan atenolol na hawan jini, faɗuwar gaba da rawar jikin da za su faɗakar da shi ma ba lallai su zo ba.

Metformin magani ne mai kyau, sai dai yana buƙatar ƙoda mai lafiya, kuma in gudawa da amai suka kama mutum a tuntuɓi likita nan take. Akwai sababbi irin su empagliflozin da dapagliflozin masu taimakon zuciya mai rauni. Suna da tsada, kuma a nan ne kuɗinmu zai yi amfani, in likita ya rubuta.

Kada kowa ya buga waya ya ce a daina magani. Roƙona, a sa yara su ɗauko hoton duk kwalayen da iyayenmu ke sha, har na gargajiya, a kai wa likita tare da iyayen. Ina kuma roƙon shugabanni a ware wani abu daga asusunmu don gwajin ƙoda da na zuciya, a babban asibitin da ya fi kusa ko Asibitin Malam Aminu Kano, kafin azumi ya kama.

Allah ya ba iyayenmu lafiya. Wassalamu alaikum.