Jawabin shugaban ƙungiya a taron wata, Bankok

Maganar kuɗin wata-wata da ta hayar wannan zaure za su jira, domin abin da ya hana ni barci tun makon jiya shi ne saƙon muryar nan da aka jefa a rukuninmu na WhatsApp game da ɗan'uwanmu, wanda ba zan ambaci sunansa ba saboda an riga an ambace shi fiye da kima. Kwantenarsa ce ta maƙale a tashar jirgin ruwa, abin da zai iya samun kowannenmu, amma kafin kwana uku maganar ta zama wai ya cinye kuɗin mutane, ta tsallake teku ta isa Kantin Kwari, har ta faɗa kunnen surukinsa. Ranar Talata ya zo shagona a Pratunam ya zauna a kan dilar kaya, na zuba masa shayi, shayin ya huce bai taɓa shi ba.

Matar nan 'yar Tailan da ta daɗe tana ba shi kaya bashi ita ma ta ji, sai ta tare ni da tambaya ɗaya: wanda ya faɗa, da idonsa ya gani? Sannan ta ce su tun suna yara ake sa su haddace alkawura biyar na addinin Buddha, na huɗu kuwa shi ne barin ƙarya. Wallahi da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige.

Na ga Malam yana kallona, to ban zo in sauya wa kowa addini ba. Amma muna zaune a ƙasar da fiye da kashi 90 cikin ɗari na mutanenta mabiya Buddha ne, ya kamata mu san ma'aunin da suke auna mu da shi. A cikin rukunai takwas na tafarkinsu, na uku shi ne magana madaidaiciya, wadda suke kira samma vaca da harshen Pali, kuma ta hana abu huɗu: ƙarya, annamimanci mai raba mutane, kakkausar magana, da surutu marar amfani. Saƙon nan namu na minti biyu ya haɗa duka huɗun.

Suna ba da labarin cewa Buddha ya wanke ƙafafunsa ya bar ɗan ruwa a ƙwarya, ya nuna wa ɗansa Rahula, ya ce iyakar abin da ya rage ke nan na zuhudun mutumin da ba ya jin kunyar yin ƙarya da gangan, sannan ya zubar da ruwan ya kife ƙwaryar. Masu ce mini ai akwai ƙanshin gaskiya a cikin maganar, su saurari abin da Buddha ya gaya wa wani yarima mai suna Abhaya: ko magana gaskiya ce, idan ba ta da amfani ba ya faɗinta, idan kuwa tana da amfani amma tana da ɗaci, sai ya jira lokacinta. Yariman na riƙe da jaririnsa a cinya, aka tambaye shi me zai yi idan yaron ya sa tsakuwa a baki, ya ce zai ciro ta ko da jini zai fita, saboda tausayi. Wane tausayi ne ya sa aka tura saƙon nan Kano da tsakar dare?

Mu da muke da Suratul Hujurat, wadda ta umarce mu da bin diddigin labari ta kuma kwatanta giba da cin naman ɗan'uwa matacce, mu ne baƙuwa take tunatarwa. Da a gida ne, da dattawa sun kira su biyun zaure an kashe maganar kafin la'asar, amma a nan ba mu da dattawa sai junanmu. Ku kuma sani ɓata suna laifi ne a dokar Tailan, sashe na 328 ya tanadi ɗaurin da zai kai shekara biyu ga wanda ya yaɗa.

Asusu yana nan yadda ma'aji ya karanta, masu bashi sun san kansu, hayar zaure an biya. Wanda ya naɗi saƙon da duk waɗanda suka tura shi gaba su tsaya bayan addu'a, domin yau za su naɗi wani da bakinsu, kuma ni da kaina zan tura shi ga surukin bawan Allahn nan.