Ranar Kasuwa da Mai Manhaja

Assalamu alaikum. Ku dubi wayar nan da ke hannun wani dillalin hatsi a kasuwar Maigatari, ranar Alhamis. Gilashinta ya tsage, an ɗaure bayanta da roba. A cikinta akwai manhajar da yake rubuta bashi: wa ya ɗauki buhun gero, wa ya biya rabi, wa ya ce sai kasuwa mai zuwa. Duk wata yana biyan kuɗin amfani da ita. Wanda yake karɓar kuɗin nan, shi za mu leƙa yau, mu ga yadda yake wuni.

Da yawa suna zaton manhaja kamar riga ce, tela ya ɗinka, ka biya, ku rabu. Ta fi kama da kiwo. Ranar da ka sayar da ita ga mutum na farko, ranar ka ɗaure akuya a gidanka, kuma kullum sai ta ci.

Mu fara da sabis. A ƙauyuka da yawa sai ka hau tudu ko ka fita bakin titi kafin saƙo ya tafi. Don haka dole manhaja ta yi aiki ba intanet, ta ajiye komai a waya, in sabis ya dawo ta aika. A faɗe abu ne mai sauƙi. To ga inda gizo ke saƙar. Alhaji yana gona, wani da ake bi bashi ya same shi can ya ba shi naira 50,000, ya rubuta a wayarsa. A daidai lokacin, yaron shago ya ba ƙanin mutumin buhu 2 na masara da sunan yayansa, shi ma ya rubuta a tasa wayar. Da magariba wayoyin biyu suka sami sabis. Wanne lissafi za a ɗauka?

Mai gaggawa zai ce a ɗauki na ƙarshe. Na ƙarshe a agogon wa? Wayar yaron ta kwana ba caji, da aka kunna ta agogonta ya rikice ya yi gaba. In manhaja ta yarda da agogon nan, sai ɗaya ya goge ɗaya, naira 50,000 ta ɓace a rubuce. Gobe Alhaji ya aika a tambayi mutumin kuɗin da ya riga ya biya, hulɗar shekaru ta lalace, har ta kai gaban mai unguwa. Shi ya sa masu hankali ba sa bari wani rubutu ya goge wani. Kowane shiga da fita layinsa daban, kamar dai tsohon littafin bashi, sai a haɗa jimla daga baya. Abin dariya, littafin da aka zo maye gurbinsa shi ya koyar da wannan.

Sai ƙananan abubuwa masu cin rai. Yaro ya rubuta Ɗanjuma da ƙugiya, Alhaji ya nemi Danjuma ba ƙugiya, manhaja ta ce babu mai wannan suna. Tiyar wannan kasuwa ba ita ce tiyar waccan ba, buhu ma haka. Wanda bai taɓa tsayawa gaban ma'auna ba, ba zai san ya bar wa kowa damar saita mudunsa ba.

Kafin azahar saƙonnin murya sun cika masa WhatsApp. Wannan yana so a sa hoton mai bashi. Wancan yana so manhaja ta riƙa magana, don karatun boko bai yi nisa ba. Sai babban kwastoma, wanda shi kaɗai yake biyan kuɗin shaguna da yawa, ya kira: "Malam, ina so ka sa mini wurin lissafin motocina." Nan ne aikin yake da wuya, a ganina ya fi rubuta manhajar kanta wuya. In ka yi masa, watanni sun tafi kan abin da mutum ɗaya zai yi amfani da shi, kuma kowane sabon maɓalli nauyi ne a kan ƙaramar wayar dillalin Maigatari. In ka ƙi, yana iya tafiya da shagunansa. Sai ka ji mai manhaja yana cewa, "Ranka ya daɗe, in sha Allahu za mu duba," alhali ya riga ya san mai neman murya zai fara yi wa aiki, domin irinsa sun fi yawa.

Kuɗi kuma da naira suke shigowa, da dala suke fita. Manyan kwamfutocin da ake haya don ajiye bayanai, galibi da dala ake biyansu. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a farkon 2024 ta haura 1,500. A Janairun 2025 hukumar NCC ta amince kamfanonin sadarwa su ƙara farashi har kashi 50 cikin 100. In ta Google Play ake karɓar kuɗin wata, kashi 15 nasu ne. Shi kuwa kwastoma da kaka yake da kuɗi. Da damina, an zuba komai a taki da noma, sai ya daina biya, amma bayanansa suna nan suna cin haya.

Sabunta manhaja ma wani tashin hankali ne. Ranar 19 ga Yulin 2024 kamfanin CrowdStrike na Amurka, mai manhajar tsaron kwamfuta, ya fitar da gyara mai kuskure, kwamfutocin Windows kusan miliyan 8.5 suka tsaya, jirage suka kasa tashi. In masu ɗimbin ma'aikata sun yi tuntuɓe haka, ina ga mutum uku a ɗaki ɗaya? Saboda haka ba a sakin sabon zubi daren kasuwa, kuma ana fara ba mutane kaɗan a ga abin da zai faru. Duk da haka ba kowa zai sabunta ba, data tsada. Wani ma ba daga Google ya samo ta ba, a shagon cajin waya aka tura masa ta Xender, zubin bara, mai kuskuren da aka gyara tuntuni. Zai kira ya yi faɗa kan kuskuren nan, kuma yana da gaskiya, kuɗinsa ya biya.

Har laifin da ba naka ba, kai ake kira. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka yanke a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ta yi rauni a Nijeriya da maƙwabta. Dillali bai san teku ba, lambarka ya sani.

Bayan isha'i, an tashi daga kasuwa, wayar mai manhaja ta sake ƙara. Dillalin nan ne: "Malam, abarka ta ƙi buɗewa, ga mutane sun tsaya za mu yi lissafi." An yi ta bincike, kashe, kunna, duba wannan, taɓa wancan. Ashe ma'ajiyar wayar ce ta cika da bidiyon bikin 'yarsa. Ya ce ko ɗaya ba zai goge ba, sai dai a nemo wata dabara.