Amsoshin Tambayoyinku: Ina Ake Kai Jinin Da Ake Ɗiba A Gwajin Rigakafin HIV?

Mai gabatarwa: Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa. Wasiƙun wannan mako sun karkata ne kan ma'aikatan ɗakin gwaje-gwaje da ke aiki a binciken magungunan rigakafin ƙwayar cutar HIV. Muna tare da Hajiya, masaniyar kimiyyar ɗakin gwaji. Hajiya, barka da zuwa.

Hajiya: Barka kadai, Malam.

Mai gabatarwa: Ta farko daga Katsina. Yana tambaya, wai da gaske sai an sa wa mutum ƙwayar cutar a ga ko maganin na aiki? A'a malam, ba a yi, doka ma ba ta yarda ba. Marasa cutar ake ɗauka, a raba su rukuni-rukuni, a riƙa bibiyar lafiyarsu. Mai yaɗa wannan magana a majalisa ya ji tsoron Allah.

To ga wadda ta fi yawa, daga Kano, da Damagaram, da Zangon Kumasi: jinin da ake ɗiba ina ake kai shi, me ya sa kwalabe da yawa? Ni ban ga laifinku ba, wanda ya san abin da ya faru a Kano a 1996 kan maganin Trovan dole ya yi tambaya. Hajiya, bismillah.

Hajiya: Mu fara da yawan. Kwalba ɗaya mililita 4 zuwa 10 take ci, ƙaramin cokalin shayi kuwa mililita 5 ne. Mai ba da gudummawar jini a asibiti mililita 450 ake ɗiba a zama guda, ka ga ko kwalba shida aka cika ba a kama ƙafarsa ba. Kowace kwalba da aikinta. Mai murfi shunayya tana da sinadarin EDTA da ke hana jini daskarewa. Da an cika ta sai a juya ta a hankali sau 8 zuwa 10. Juyawa na ce, ba girgizawa ba. In aka girgiza, ko aka zuƙo da ƙarfi ta siririyar allura, jajayen ƙwayoyin jini su fashe, ruwan ya yi ja, awon fotasiyam ya haura alhali mutum lafiyarsa ƙalau.

Ba a rubuta suna a jikin kwalba. Lambar mai shiga gwajin, da lambar ziyara, da kwanan wata, da lokacin da aka ɗiba, shi ke nan. Kuma a gaban mutum ake manna takardar, kafin ya tashi daga kujera.

Mai gabatarwa: Ku ji da kyau, ba suna. Lamba ce.

Hajiya: Lamba ce. Ma'aikacin ɗakin gwajin bai san mai jinin ba, a gwaje-gwaje da yawa ma bai san wane magani aka ba shi ba. Daga nan sai injin juya jini, minti 10, ruwan ya taso sama, ƙwayoyin su kwanta. A zuƙe ruwan, sau da yawa a sake juya shi karo na biyu, a rarraba a 'yan ƙananan kwalabe masu cin mililita 1 zuwa 2, a sa a firiza mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifili. Me ya sa ake rarrabawa? Domin duk lokacin da aka narkar aka sake daskararwa, ingancinsa raguwa yake yi. Ka ciro ɗaya, sauran suna nan ba a taɓa ba.

Wahalar tana wajen fararen ƙwayoyin jini, waɗanda ake buƙata a gwajin allurar rigakafi. Daga hannun mutum zuwa daskarewa, kada a wuce awa 8. Ana zuba musu sinadarin DMSO kashi 10 cikin ɗari don kada ƙanƙara ta fasa su, a sanyaya su digiri ɗaya kowane minti, sannan a mayar da su tankin naitirojin. In aka makara a hanya, ko aka bar akwatin a mota cikin rana, ranar da aka narkar sai a tarar yawancinsu sun mutu. An ɗibi jinin bawan Allah a banza ke nan. Shi ya sa firiza ke da ƙararrawa, da janareto, da wata firizar a ajiye, da takardar da ake rubuta sanyinta kullum har ranar Sallah.

Mai gabatarwa: Ƙasar waje fa, Hajiya? Nan ne zuciyar mutane take.

Hajiya: Wani kaso ana aika shi babban ɗakin gwaji cikin busasshiyar ƙanƙara, don a auna jinin duk cibiyoyin da ake gwajin da inji iri ɗaya. Amma sai an rubuta haka a takardar amincewa, kwamitin ɗa'ar bincike ya yarda, an kuma sa hannu kan yarjejeniyar fitar da samfuri. Ajiye ragowar don bincike na gaba kuwa, galibi gurbinsa daban ne a takardar, kana iya cewa a'a kuma ka ci gaba da gwajin.

Mai gabatarwa: Na maimaita: kana iya cewa a'a. Kuma don Allah a daina dangwala yatsa a takardar da ba a karanta maka ba. Ka ce a karanta da Hausa, haƙƙinka ne.

Wata baiwar Allah daga Maraɗi ta ce, tunda an tabbatar ba ka da sida, wato HIV, tun farko, me ya kawo gwaji duk ziyara?

Hajiya: Gwajin tsinke na gaggawa garkuwar da jiki ya haɗa yake gani, ita kuwa takan ɗauki mako 3 zuwa 12 kafin ta bayyana. Gwajin RNA, mai neman ƙwayar kanta, yakan gano ta daga kusan kwana 10. Wanda ya kamu bai sani ba yana ta shan maganin rigakafi, ƙwayar na iya koyon bijire wa magani. Allurar rigakafi ta cabotegravir ma, da aka gwada a binciken HPTN 083 da 084, an ga tana danne ƙwayar cutar har ta jinkirta ganowa, sai da aka koma kan ruwan jinin da ke firiza aka gano ainihin lokacin da wasu suka kamu. Ka duba gwajin PURPOSE 1 a Afirka ta Kudu da Yuganda, wanda sakamakonsa ya fito a 2024, mata sama da 2,000 aka yi wa allurar lenacapavir ta wata shida-shida, aka ce ba ko ɗaya da ta kamu. Wannan "ba ko ɗaya" daga teburin ɗakin gwaji ta fito. Sannan akwai ɗigon jini a takarda, a shanya shi awanni a inuwa, a sa a leda da abin tsotse danshi, ana auna maganin da ke cikinsa, shi ke tona wanda ya ce yana shan ƙwayar maganin alhali tana ƙarƙashin matashin kai…

Mai gabatarwa: Hajiya ta tafi Yuganda ta bar mu da agogo! Wani ɗalibi daga Zariya: an taɓa irin wannan gwaji a yankinmu?

Hajiya: An yi. Gwajin ƙwayar maganin tenofovir da aka fara a 2004 a Tema ta Ghana, da Duwala, da Ibadan. A 2005 gwamnatin Kamaru ta dakatar da na Duwala, na Ibadan kuma aka rufe shi saboda rashin bin ƙa'idojin aikin. Bayanan da suka rage ba su isa a yanke hukunci kan kariyar maganin ba, sai a 2010 wani gwajin, iPrEx, ya nuna haɗin tenofovir da maganin emtricitabine yana karewa.

Mai gabatarwa: Daga Garwa: me ya haɗa rigakafin HIV da gwajin ƙoda? Tenofovir ta ƙoda yake fita, in awon tacewarta bai kai 60 ba, ba a ba ka shi. Haka ne Hajiya?

Hajiya: Haka ne. A duba ciwon hanta nau'in B ma, don mai shi in ya tsayar da maganin kwatsam hantar na iya tashi.

Mai gabatarwa: Ta ƙarshe daga Gombe, matashi ne mai son aikin, har da tambayar albashi. Kai yaro, ba ka shiga ba ka fara lissafi!

Hajiya: Ya samu lasisin MLSCN, hukumar da ke kula da masu aikin ɗakin gwaji a Najeriya, tukuna, sannan horon GCLP, wato ƙa'idojin kyakkyawan aikin ɗakin gwaji. Ya kuma saba tun yanzu: in ya yi kuskure a takarda, layi ɗaya zai ja, a riƙa ganin na ƙasa, ya sa haruffan sunansa da kwanan wata. Ba gogewa, ba shafa farin fenti.

Mai gabatarwa: Albashin kuma ka tambayi masu ɗaukar aiki. Lokaci ya cimma mana, wasiƙun Agadas da Jos sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Hajiya, mun gode. Jama'a, a huta lafiya.