Jawabin Maraba Ga Uwarmu, Tsohuwar 'Yar Gwagwarmaya, Daga Al'ummar Hausawa Mazauna Johannesburg

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Mai girma babbar baƙuwarmu; shugaban al'ummarmu da dattawansa; malam liman; iyayenmu mata da suka kwana a kan tukwane; maƙwabtanmu Somaliyawa da Indiyawa da Zulu da suka amsa gayyata; jama'a baki ɗaya, assalamu alaikum.

Ranki ya daɗe, barka da zuwa, sannu da hanya. Ɗakin taronmu ƙarami ne, kujerun ma na haya ne, amma a wurinmu shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Mace irinki, wadda manya ke miƙewa idan ta shigo, ta hau matakalar nan da sandarta don ta zauna da masu gyaran waya da teloli da masu gasa nama, wannan kaɗai ya ishe mu labari har Kano da Damagaram.

Da Hausa muka rubuta jawabin nan, saurayin da ke gefenki zai riƙa juya miki. Ki dube shi da kyau. A asibitin gwamnati a garin nan aka haife shi, a nan ya yi firamare da sakandare, Turancinsa ya fi na dukanmu, Zulu kuwa a bakinsa kamar ruwa. Bai taɓa taka Nijeriya ba. Har yau ba shi da takardar haihuwa. Shi ne tafintanmu, shi ne kuma roƙonmu. Al'ada ita ce a ajiye buƙata sai ƙarshe, amma dattawan kwamiti suka ce a bugi ƙarfe da zafinsa: muna roƙonki ki raka mu, da ƙafarki, zuwa ofishin da takardun 'ya'yanmu suka maƙale. Za mu dawo kan maganar.

Girmanki ba sai mun tsaya auna shi ba. Kowa a nan ya san kin ƙarar da ƙuruciyarki a bayan teburin katako, a ofisoshin da matan Turawa 'yan ƙungiyar Black Sash suka buɗe don taimakon waɗanda takardar fas ta ɗaure, wato takardar izinin zama a gari da gwamnatin wariyar launin fata ta tilasta wa baƙaƙen fata, takardar da mutanen ƙasar nan suka raɗa wa suna dompas. Ƙungiyar Black Sash ta fara ne a 1955, a garin nan, da mata masu rataya baƙin ƙyalle suna tsayawa shiru a bakin hanya don ministoci su gan su. An yi musu dariya, an ce matan masu kuɗi ne da suka rasa aikin yi. Amma ranar 11 ga Fabrairu 1990, a jawabinsa na farko bayan fitowa daga kurkuku, Mandela ya ambace su da suna a Cape Town. Mu abin da ya fi burge mu shi ne aikin teburin: mutum ya zo da takarda a naɗe cikin leda, an ba shi awa 72 ya bar gari, ki zauna ki karanta dokar layi-layi har ki samo masa ƙofa.

Mun zauna a ƙasar nan har mun koyi sunayen mutanenki, Turawan da suka yaƙi wariya. Bram Fischer, jikan firaminista, ɗan babban gida a cikin Afirkana, Turawan da ke riƙe da mulki a lokacin, shi ya jagoranci lauyoyin da suka kare Mandela a shari'ar Rivonia. A 1966 aka yanke masa ɗaurin rai da rai, a 1975 ciwon daji ya kashe shi, hukumar gidan yari kuma ta ce a mayar mata da tokarsa. Denis Goldberg ya yi shekara 22 a kurkukun Pretoria, domin ko a ɗauri gwamnatin wariya ba ta yarda a haɗa fari da baƙi ba, abokansa suna tsibirin Robben shi yana can shi da 'yan tsiraru. Ruth First wasiƙa aka aika mata a Maputo a 1982, ta buɗe, bam ya tashi. A shekarar dai aka tsinci gawar Neil Aggett, likita ɗan shekara 28, a ɗakin tsare mutane na ofishin 'yan sanda na John Vorster Square, tafiyar ƙafa daga inda muke zaune yanzu. Helen Suzman ta yi shekara 13 ita kaɗai daga jam'iyyarta a majalisa, tana jefa tambayoyin da ba a son ji.

Wanda ya fi tsaya mana a rai shi ne labarin Helen Joseph. Tana sahun gaba ranar 9 ga Agusta 1956, lokacin da mata kusan 20,000 suka yi tattaki zuwa fadar gwamnati a Pretoria kan wannan takardar fas ɗin. Ita aka fara yi wa ɗaurin talala a gida a 1962. Da ta rasu a 1992, a maƙabartar Avalon a Soweto aka binne ta, kabari ɗaya da ƙawarta Lilian Ngoyi. Mu mutane ne masu ɗaukar maganar kabari da nauyi. Da aka karanta wannan wurin a zaman kwamiti, malam liman ya daɗe bai ce komai ba.

Akwai wani abu kuma da muka lura da shi, ki gafarce mu idan mun yi karambani. Sau da yawa abin da mutanenki suka bayar fatarsu ce, suka mai da ita mabuɗi. Gonar Liliesleaf, maɓoyar 'yan gwagwarmaya, Arthur Goldreich ne ya zauna a matsayin maigida, Mandela yana yawo cikin kayan ma'aikata da sunan David Motsamayi. Ranar da aka kama Mandela kusa da Howick, 5 ga Agusta 1962, tare da Cecil Williams yake a mota, shi a matsayin direba. Ƙofar da aka rufe wa baƙi, fari ya sa ƙafa ya tokare ta.

Ba mu manta da Steve Biko ba. Shi da abokansa sun fice daga ƙungiyar ɗalibai ta NUSAS suka kafa tasu, SASO, saboda sun gaji da Turawa masu kyakkyawar niyya da ke riƙe da alƙalami da kujerar shugabanci, sannan da yamma kowa ya koma unguwarsa mai bishiyoyi. Yana da gaskiyarsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Waɗanda suka mutu a Sharpeville a 1960, su 69, da yaran Soweto na 1976, baƙaƙe ne, gwagwarmayar tasu ce, kuma yawancin Turawan ƙasar nan sun zauna sun ci daɗinsu har aka gama. Shi ya sa 'yan kaɗan ɗin da suka ƙi suke da daraja a idonmu, musamman waɗanda suka yarda su zauna a baya su yi aikin da ba a tafa wa.

To, ranki ya daɗe, mu ma ba 'yan kallo ba ne a wannan tarihi, kuma yau sai mun faɗa, don an daina faɗa. Nijeriya tana da wata biyar da samun 'yanci, Sir Abubakar Tafawa Balewa, mutumin Bauchi, ya je taron ƙasashe renon Ingila a Landan a Maris 1961, yana cikin waɗanda suka matsa har Afirka ta Kudu ta fice. A Janairu 1976 Janar Murtala Muhammed, ɗan Kano, ya tsaya a Addis Ababa ya goyi bayan ƙungiyar 'yan gwagwarmaya ta MPLA a Angola, lokacin da sojojin wariya ke cikin ƙasar, ya gaya wa Amurka ta daina yi wa Afirka shifta. Wata guda bayan nan aka kashe shi. A shekarar 'yan wasanmu sun isa Montreal, suka tattara kayansu suka dawo ba su yi gasar Olamfik ba, don nuna adawa da wariya. A shekarar aka buɗe asusun tallafa wa kudancin Afirka, ana yanka daga albashin ma'aikata. A cikin ɗakin nan akwai waɗanda iyayensu malaman firamare ne, aka yanki nasu, ba su ko san inda Soweto take a taswira ba. A 1979 gwamnatinmu ta karɓe kadarorin kamfanin mai na BP. Ɗan Masanin Kano, Alhaji Yusuf Maitama Sule, ya shugabanci kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya na yaƙi da wariyar launin fata, bayansa Joseph Garba, bayansa Ibrahim Gambari. Thabo Mbeki a Legas ya zauna yana wakiltar ANC, ƙungiyar su Mandela. Mun ba 'yan gudun hijirarku fasfo, mun ba 'ya'yansu gurbi a makarantunmu. Ba wanda ya tambaye su takardar haihuwa.

An ce alheri danƙo ne. Mu dai muna ta dubawa a ƙasa. A Mayu 2008 aka fara kai wa 'yan ƙasashen waje hari daga unguwar Alexandra, mutum 62 suka mutu. Aka sake a 2015. A Satumba 2019 mun tsaya muna kallon hayaƙi daga wajen Jeppestown da Malvern, ɗaruruwan 'yan ƙasarmu suka hau jirgi suka koma gida da jaka ɗaya-ɗaya. Makwerekwere, haka ake kiranmu, wai don haka maganarmu ke sauka a kunnensu. Akwai mai shago a nan da har yau yake kwana da takalmi a ƙafa. Ba mu ce babu ɓata-gari a cikin baƙi ba, kowane gida da nasa. Kuma ba za mu manta da maƙwabciya Bazuliya da ta ɓoye matanmu a ɗakinta kwana biyu ba. Tana nan zaune a sahu na biyu, ta hana mu faɗin sunanta.

Yanzu ga maganar yaran. Doka ta ce a yi wa jariri rajista cikin kwana 30. Uba ya je, a ce takardar zamansa tana jiran sabuntawa, ya dawo idan ta fito. Kafin ta fito wata shida sun wuce, wani lokaci shekara. Ya koma, a ce ai ya makara, yanzu layin masu latti zai bi. Ya fito tun kafin asuba, a raba lamba ta ƙare kafin a zo kansa. Ranar da ya samu lamba, a ce na'ura ta tsaya. Ofishin kin san shi, ba sai mun ambata ba. Sashe na 28 na tsarin mulkin 1996 ya ce kowane yaro yana da haƙƙin suna da ƙasa tun daga haihuwa. Dokar zama ɗan ƙasa ta ce wanda aka haifa a nan, ya girma a nan, yana iya nema idan ya kai 18, muddin an yi rajistar haihuwarsa. A wannan "muddin" ɗin aka rataye mana 'ya'ya. Yaro ya gama sakandare da sakamako mai kyau, ba lambar shaida, ba fom ɗin jami'a, ba asusun banki, ba lasisin tuƙi. Nijeriya ba ta san shi ba, nan ba a rubuta shi ba.

Ba za mu ɓoye miki ba, an yi gardama a kwamiti kafin a aika miki goron gayyata. Matasanmu suka ce abin kunya ne, shekara fiye da 30 bayan zaɓen 1994, baƙar fata ya nemi Baturiya ta raka shi wurin baƙar fata ɗan'uwansa. Suna da gaskiya, kunyar muna jin ta. Wata uwa ta tashi ta ce ita 'yarta za ta cika 18 bayan Sallah, a ba ta kunyar ta ɗauka. Daga nan ba wanda ya ƙara magana.

Ba kuɗi muke nema ba, ba kuma wasiƙa ba, wasiƙu muna da su cike da kwali. Safiya ɗaya muke roƙo. Ki zo ki zauna a bencin nan tare da iyayen yaran, da fayil a cinyarki, kamar yadda kika saba tun kafin a soke dompas a 1986. Ke kin san wace tambaya ake yi, kin san wanda ake nema idan an ce oga ba ya nan. Bakin namu ne, mu za mu yi magana. Ke dai a gan ki a wurin, a san akwai mai rubutawa.

Muna da wasu ƙananan buƙatu, lauyan da zai riƙa zama da mu sau ɗaya a wata, da ɗakin karatun yara da ruwa ke zuba. Waɗannan su jira.

Ga 'yar tsarabarmu: zane na saƙi daga Kano, da kilishi. Mun ɗanɗana biltong, busasshen namanku, shekara da shekaru muna yin shiru saboda ladabi, yau ke ma ki ɗanɗana namu ki yi hukunci. A ƙarƙashin zanen akwai koren fayil, sunayen yaran ne da ranakun haihuwarsu da asibitocin da aka haife su, da kwafin kowace takarda da aka taɓa ba mu. Sunan tafintanki ne na farko. Ofishin yana buɗewa Litinin zuwa Juma'a, motar shugaba za ta zo ƙofar gidanki duk ranar da kika zaɓa, kuma sakatare yana tsaye a bayanki da biro.

Allah Ya ƙara miki lafiya da nisan kwana, Ya mai da ke gida lafiya.

Kwamitin shirya tarba, a madadin al'ummar Hausawa mazauna Johannesburg.