Yamai: Birnin da Koginsa Ke Cika Sau Biyu a Shekara

Masu kallo, wannan ita ce gadar Kennedy da aka buɗe a 1970, kuma ruwan da ke gudana a ƙarƙashinta shi ne Kogin Neja, wanda Zabarmawa ke kira Isa Beri, wato babban kogi. Yamai birni ne na Sahel, ruwan saman da yake samu a shekara bai cika wuce milimita 600 ba, amma duk da haka mutum zai iya ganin dorina, da jemagu, da garken tsuntsayen ruwa ba tare da ya yi nisa da gari ba. Dalilin hakan yana cikin yadda kogin ke cika.

Cikar farko tana zuwa ne a watannin Agusta da Satumba, lokacin da ruwan damina ya kwararo daga koramu ɗauke da jar ƙasa, shi ya sa ruwan ke yin ja. Cika ta biyu ita ce abar mamaki. Ruwan da aka yi a tsaunukan Gini yakan shiga wata makekiyar fadama a tsakiyar Mali, ya bazu, ya rage gudu, sai ya ɗauki watanni kafin ya iso Yamai wajen Janairu, a tsakiyar hunturu, sa'ad da ciyawar tudu ta riga ta bushe ƙurmus. Wato a daidai lokacin da daji ya ƙare wa dabbobi da tsuntsaye, kogi yake buɗe musu ƙofa.

A gaɓar da ruwan ke hawa yana sauka ne burgu ke tsirowa, ciyawar da shanu ke ci, ƙananan kifaye kuma ke ɓuya a cikinta har su girma. Masunta na kama karfasa da tarwaɗa da ƙurungu, wani lokaci kuma giwan ruwa. Inda kifi yake, nan zalɓe ke tsayawa, nan kirinjijiya ke sauka garke-garke. Da hunturu ana samun baƙin tsuntsaye da suka ƙetaro Sahara daga Turai, suna kiwo a gonakin shinkafa na Saga da Kirkisoye, sannan idan damina ta kusa, shamuwa ta dawo ta yi sheƙa a cikin unguwanni, kuma kowane manomi ya san abin da zuwanta ke nufi.

Dorina kuwa maƙwabciya ce mai wuyar sha'ani. Tana wuni a cikin ruwa, da dare ta fito kiwo, kuma ba ta bambance burgu da shinkafar manomi, tana kuma iya kifar da kwalekwale. Baƙo na ɗaukar hotonta yana murna, mai gona kuwa yana kwana da fargabarta.

Idan aka hau tudu, itatuwa ke ba da nasu labarin. Gawo da goruba da aduwa ƴan ƙasa ne, sun riga birnin zama a nan. Gawo ma yana da ɗabi'ar da ta dace da wurin, domin yana zubar da ganye da damina, ya yi kore da rani. Dogon yaro kuwa, wanda ya cika tituna, asalinsa daga Indiya yake, kuma shi aka fi shukawa a dajin da aka fara kewaye birnin da shi a 1965 don tare iska da ƙura. Gidaje sun ci wani babban ɓangare na wannan daji. A manyan itatuwan cikin gari ne jemagu ke rataye da rana, da magariba su tashi neman ƴaƴan itace, suna watsa iri duk inda suka bi.

Ba kowane baƙo ne alheri ba. Wata irin kainuwa mai shuɗin fure, ƴar asalin Kudancin Amurka, ta kan rufe fuskar ruwa, ta hana haske da iska isa ga kifi, ta kuma sarƙe ragar kamun kifi irin su kalli da koma. Amma babbar barazanar ita ce yashi. Sare itatuwa a tudu ya sa ruwan sama yana wanko ƙasa zuwa cikin kogi, gurbin ruwan yana cikewa, jar cikar damina kuma tana ƙara ƙarfi. A Satumban 2020 ruwa ya kai kusan mita 7 a ma'aunin Yamai, ya fasa madatsai, ya mamaye unguwanni da gonakin shinkafa. Da bazara kuma, kogin nan da ya yi wannan ɓarna yakan janye har tsibiran yashi su bayyana a tsakiyarsa, dorinai su takure a ƴan wurare masu zurfi, waɗanda su ne kuma masunta ke zuba kallinsu a ciki.