Maniyyi Daban, Ƙwayar Haihuwa Daban

Assalamu alaikum. Tun da masu tallar magani suka fara zagaya kasuwannin ƙauyukan Kano da Jigawa da lasifika suna alkawarin ƙara wa maniyyi kauri, magidanta da dama suka ɗauka cewa kaurin ruwan shi ne shaidar namiji yana haihuwa.

Maniyyi da maziyyi da wadiyyi sunaye ne da muka koya a gaban malamai, kuma dukkansu ruwa ne da ido yake gani. Abin da likita yake kira ƙwayar haihuwa kuwa halitta ce mai rai da take cikin maniyyin, wadda ba a ganinta sai da madubin ɗakin gwaji.

Idan aka duba maniyyi ta wannan madubin, za a ga wasu ƙananan halittu suna motsi. Waɗannan masu kai da jela da suke ninƙaya su ne ƙwayoyin, kuma wani ɗan ƙasar Holan, Antonie van Leeuwenhoek, shi ne ya bayyana su a 1677. A cikin maraina ake yin su, kowace tana ɗaukar kimanin kwana 74 kafin ta nuna. Fiye da kashi 90 cikin 100 na ruwan kuma wasu gaɓoɓi ne da suke kusa da mafitsara suke samar da shi.

A nan ake rikicewa. Tunda mafarinsu ba ɗaya ba ne, mutum zai iya zama lafiyayye da iyalinsa, maniyyinsa ya fito fari da kauri, amma ƙwayoyin su yi ƙaranci, ko su kasa motsi, ko a rasa ko ɗaya. Cikar kududdufi ba ta nuna akwai kifi a ciki. Abin da ya fi damuna shi ne baiwar Allah da take shan saƙe-saƙi da gorin dangin miji shekara da shekaru, har a yi mata kishiya, alhali ba a taɓa duba maigidan ba.

Gwajin ba ya buƙatar allura. Maigida zai ƙaurace wa iyali kwana 2 zuwa 7, sannan ya bayar da maniyyin a babban asibiti. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021, ana so a samu aƙalla ƙwaya miliyan 16 a kowace mililita. Zazzaɓi mai zafi yakan rage adadin na ɗan lokaci, saboda haka idan sakamakon farko bai yi kyau ba, likita yakan ce a maimaita bayan kamar wata uku.