Me Ya Sa Wayar Batir Ke Narkewa Alhali Bolt 12 Ne Kacal?

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu kallo. Tun da zafi ya kankama a Birnin Kebbi, tambaya guda ke ta yawo a bakin waɗanda suka haɗa sola a gidajensu: ta yaya wayar da ke ɗaukar wutar gida mai bolt 230 ba tare da ta ko ɗumama ba, za ta narke idan aka sa ta tsakanin batir da inbata, wato na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta gida, alhali batirin bolt 12 ne kawai? Wannan guntuwar waya da kuke gani, wadda robarta ta ƙone ta manne, daga irin wannan haɗi aka ciro ta.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a fadamar Argungu lokacin noman rani ya riga ya ga abubuwa ukun da lissafin ya ƙunsa. Ƙarfin da injin ban ruwa ke tura ruwa da shi tamkar bolt ne, yawan ruwan da ke wucewa ta cikin tiyo tamkar amfiya ne, matsin tiyon da ke hana ruwa sakewa kuwa shi ne turjiya, wadda ake aunawa da om, sunan Bajamushen nan Georg Ohm da ya fitar da ƙa'idar a shekarar 1827. Idan aka raba bolt da amfiya a sami turjiya, idan aka ninka su a sami wat, wato yawan wutar da na'ura ke ci. Ga dutsen guga nan, mita ta nuna bolt 230 da amfiya 5. A raba 230 gida 5, turjiyarsa om 46 ce. 230 sau 5 kuma, wat 1,150 ke nan.

Yanzu mu tsaya a inda ake tuntuɓe. A ce kayan da kuka kunna, su fanka da talabijin da fitilu, sun tashi wat 600. A ɓangaren gida, 600 a raba gida 230, amfiya 2.6 ce ke bin waya. Amma wannan wat 600 ɗin daga batir take fitowa, batirin kuwa bolt 12 gare shi, don haka 600 za a raba gida 12. Ku dubi allo da kyau: amfiya 50 ce, har ma da ɗoriya, domin ita kanta inbata tana cin nata rabo. Ƙarancin bolt ɗin da ya sa hankalinku ya kwanta shi ne ainihin abin da ya tilasta amfiya ta yi wannan tashi.

Waya kuma ba ruwanta da bolt nawa aka rubuta a jikin batir, amfiyar da ke ratsa ta ce ke gasa ta. Zafin da ke tashi a cikinta shi ne amfiya sau amfiya sau turjiyarta, kuma ina roƙonku ku lura cewa sau biyu na ambaci amfiya. Siririyar wayar jan ƙarfe da ake kira 1.5, wato mai kaurin murabba'in milimita 1.5, idan aka ja mita biyu zuwa da mita biyu dawowa, turjiyarta ta kusa om 0.05, adadin da mutum zai raina. Da amfiya 2.6, abin da ke zama zafi bai kai rabin wat ɗaya ba. Da amfiya 50 kuwa, 50 sau 50 ya ba da 2,500, sau 0.05 ya zama wat 125, duk a cikin 'yar wayar nan da ke kwance bayan labule ko kusa da katifa. Wannan ne ya fi tayar mini da hankali, domin sau da yawa a ɗakin da yara ke kwana ake ajiye batir.

Akwai kuskure na biyu da ke biyo baya. Wani zai raba 12 gida 50 ya sami 0.24, ya ce ai turjiyar wayar ke nan. Wannan turjiyar haɗin ce gaba ɗaya, da inbata da komai. In ta waya kaɗai ake nema, bolt ɗin da ya zube tsakanin bakinta biyu ake aunawa, kamar yadda hannun nan ke nunawa. A misalinmu, 50 sau 0.05 ya ba da bolt 2.5 da ya salwanta a hanya, shi ya sa inbata ke kuka tana cewa caji ya ƙare alhali batirin lafiyarsa lau, har wasu su je su sayi sabo a banza.

Gyaran a cikin lissafin yake. Waya mai kaurin murabba'in milimita 16 tana sauko da turjiya zuwa kusan kashi ɗaya cikin goma, zafin ya koma wajen wat 12. Rage tsawonta ma yana taimakawa, don haka a matso da batir kusa da inbata, a kuma sa fiyus daf da kan batirin. Ni dai a ganina, wanda kayansa suka kai haka ya fi dacewa ya nemi inbata mai bolt 24 ya jera batir biyu yadda bolt ɗinsu zai haɗu ya zama 24, domin amfiya za ta sauko 25, zafin waya kuma ya ragu zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. Ku tsayar da bidiyon a nan, ku karanta wat ɗin da ke jikin kayanku, ku tara su, sannan ku raba da bolt ɗin batirinku kafin ku tafi kasuwa sayen waya.